Hanyar da na bi kafin a ba ni izinin rediyo amatar a Yamai

Matasa sukan tambaye ni yadda aka yi na shiga harkar rediyo amatar tun ina ɗan lakwal, a zamanin da ko wayar tarho sai gidan wane da wane a Yamai. Amsar ta fi ƙarfin zaman shayi guda, shi ya sa na ga gara in jera ta a rubuce daga farko har fitowar takarda, ko wani ya huta da yawon da na sha. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne babu mai gaya maka me ke gaba da me, kuma yawancin waɗanda za ka je wurinsu ba su taɓa jin sunan abin da kake nema ba. Ga wanda bai sani ba, ɗan amatar mutum ne mai na'urar aikawa da karɓar magana a ɗakinsa, yana hira da irinsa na wata ƙasa a kan mitocin da hukumar sadarwa ta duniya ta keɓe musu. Ba ya sa kiɗa, ba ya karanta labarai, ba ya talla, ba ya karɓar ko dala ta kowa.

A 1979 abin ya kama ni, muna zaune a Bukoki. Mahaifina yana da rediyo mai gajeren zango, da safe ya ji Muryar Sahel, da dare ya bi BBC da Jamus da Muryar Amurka, wadda a shekarar ta buɗe sashen Hausa. In ya tashi zuwa masallaci sai in ɗauke ta in yi ta murɗawa. Tsakanin mita 25 da mita 19, inda babu manyan tashoshi, nakan ci karo da wasu muryoyi masu fita ta hanci kamar kukan agwagwa, ka san mutum ne ke magana amma ko kalma ɗaya ba ka tsinta. Na tambayi mai gyaran rediyon unguwarmu, ya ce jiragen sama ne. Mushenmu na fizik ne ya ce mini ƴan amatar ne, ya kuma kwatanta mini gidan wani dattijo a Zongo da ya yi aikin tangarahu tun zamanin Turawa har ya yi ritaya.

Na tarar da shi a zaure bayan la'asar. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambaye ni ɗan wa nake, daga ina iyayena suka zo. Da na ce Tawa sai ya saki fuska, ashe ya yi aiki can. Na faɗi abin da ke tafe da ni, na ƙara da cewa ina so in sayi na'urar da zan yi magana da ita. Ya ce, "Ɗana, magana tana gaba. Ka tafi ka zo mini da matacciyar rediyo daga Katako, ko ta fashe ba komai, in dai cikinta na nan." Tun daga ranar Baba nake ce masa, kuma duk abin da na iya a wannan harka a zaurensa na fara ganinsa.

Daga cikin matacciyar rediyon ya ciro wani ɗan gwangwani mai kusurwa huɗu, wanda ke da dunƙulen baƙin ƙarfe a tsakiya da ake juyawa da tsinke. Ya haɗa shi da taranzisto guda da ƴan tarkace da pil, muka jera su cikin gwangwanin sardin. Ƙarfen likin nasa a gawayi ake ɗumama shi, ni ke fifita wuta, shi yana ɗiga dalma yana riƙe numfashi. Ya bayyana mini cewa ƴan amatar suna aika rabin siginal ne kawai, sun cire jigon da ke ɗauke da murya don kada ƙarfin na'ura ya tafi a banza, abin da ake kira SSB. Rediyon gida ba ta san yadda za ta mayar da jigon ba. Ɗan akwatin namu yana fitar da sauti a kilohaz 455, daidai inda cikin rediyon ke aiki, sai ya cike gurbin. Muka naɗa ƴar waya a bayan rediyon mahaifina, Baba ya juya tsinken sannu a hankali, muryar ta yi ƙasa, ta yi sama, sai ga ta ta zauna: wani ɗan Italiya yana faɗin sunansa da garinsu harafi bayan harafi. Jikina har rawa yake.

Shekarun da suka biyo baya saurare kawai na yi. Baba ya sa na sayi kaye na ja layuka, ina rubuta rana, lokaci, mita, lambar kiran wanda na ji da ƙarfin siginal ɗinsa. Lokacin kuwa da agogon GMT ake rubuta shi, wato ka rage awa ɗaya daga agogon Nijar. Lambar kira ita ce sunan kowace tasha a iska, kuma a haka na haddace haruffan ƙasashe da take farawa da su: F Faransa, I Italiya, DL Jamus, JA Japan, PY Barazil, W da K Amurka, 5N Najeriya, TZ Mali, XT Haute-Volta wadda ta koma Burkina Faso a 1984. Tamu 5U ce, kuma sai in yi wata da watanni ban ji ta ba. Na yi dace da lokaci, domin ƙarfin rana da ke taimakon gajeren zango yana hawa yana sauka ne a kan shekara 11, kuma a 1979 da 1980 yana ƙololuwa.

Sai Mors, wato aika haruffa da gajeren sauti da dogo. A wancan zamani dokar duniya ta wajabta wa duk mai son aikawa a ƙasa da megahaz 30 ya iya shi, don haka babu hanyar kaucewa. Baba yana da makullin bugawa na tagulla da ya rage masa daga aiki, gindinsa ya yi sulɓi saboda hannu. Ya hana ni zana ɗigo da layi a takarda. Ya ce harafi sauti ne, in ji "di-da" in san A ce ba tare da na ƙirga ba. "Da" tsawon "di" uku ne, kuma da kalmar PARIS ake auna sauri, sau nawa za ta shiga minti guda. Yakan bugo mini haruffa biyar-biyar marasa ma'ana don kada in yi cinta. Akwai inda na kai na tsaya cik, wata da watanni saurina bai ƙaru ba, har na fara jin abin ya fita raina. Ya ce kowa yana tsayawa a nan, in daina bin harafin da ya wuce ni, in kama na gaba. Bai yarda in nemi jarrabawa ba sai da na kai kalma 12 a minti ba tare da gumi ba.

A farkon 1983 na fara bin takardu, a nan ne kuma ruɗanin yake. Na soma da teburin karɓar baƙi na ma'aikatar da ke kula da sadarwa. Wanda na samu ya ɗauka gidan rediyo nake so in buɗe, ya ce wannan na gwamnati ne ita kaɗai, in kama gabana. Wani a biro na gaba ya zaci irin rediyon da kamfanonin ma'adinai ke magana da Arlit nake nufi, ya tambaye ni takardun kamfanina. Na koma wurin Baba rai a ɓace. Ya rubuta ƴar wasiƙa da hannunsa, ya ce in wuce tebur, in nemi sashen da ke raba mitoci, in ba shugabansu. Wannan mutum ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Kai ne yaron tsoho? Zauna." Shi ne ya fara fahimtar da ni cewa abu biyu nake nema. Na farko shaidar cewa ni kaina na iya aikin, wadda jarrabawa ke bayarwa. Na biyu izinin kafa tasha a gida kaza da na'ura kaza, wanda da shi ne lambar kira ke zuwa, kuma shi ba ya fita sai hukumomin tsaro sun sa hannu.

Ya juya wata tsohuwar takarda ya rubuta mini abin da zan kawo: wasiƙar roƙo da rubutun hannu mai tambur, takardar haihuwa, takardar shaidar ɗan ƙasa, kaziye, wato takardar da ke nuna ko an taɓa hukunta ka, daga gidan shari'a wanda bai wuce wata uku ba, shaidar mazauni, hotuna, zanen unguwa da ke nuna gidanmu, da bayanin na'urar da zan yi aiki da ita. Ya ce kuma mahaifina ya sa hannu cewa ya yarda a kafa abin a gidansa. Kowace takarda da nata tambur, kowane kofi sai an kai an buga masa hatimi. Ɗaya-ɗaya kuɗin ba su da yawa, amma ga ɗan lakwal da ke tara canjin cefane sun isa su hana barci. Wanda ya fi cin kuɗi shi ne kaziye, domin a gidan shari'ar inda aka haife ka ake ɗaukarsa. Na hau mota zuwa Tawa, fiye da kilomita 500, ta Doso da Dogonduci da Ƙonni, na sauka gidan Kawu. Shi ya raka ni, ya gaisa da wanda ya sani, aka ce mu dawo jibi, muka dawo muka karɓa.

Na kai dosiye aka ba ni rasit, na adana shi cikin littafin Mors. Jarrabawar ba ta da ranar da aka tsayar, tunda ba kowace shekara ake samun mai nema ba, sai da shugaban ya sami ma'aikacin da ke da sukuni. A wani ɗaki mai fanka aka zaunar da ni. Mai jarrabawar ya tambaye ni dokar Ohm, ya ba ni lissafin tsawon zango, wato ka raba 300 da megahaz ka sami mita. Ya tambayi iyakokin mitocinmu, na ce mita 20 daga 14.000 zuwa 14.350, mita 15 daga 21.000 zuwa 21.450, mita 40 kuwa a yankinmu daga 7.000 zuwa 7.100 take a lokacin. Ya tambayi abin da aka hana, na lissafa: zancen asiri, isar da saƙon wani, ciniki, kiɗa, aikawa ba tare da faɗin lambar kira ba. Sannan ya jawo makulli ya fara bugawa. Layin farko hannuna ya yi sanyi, haruffa biyu suka wuce ni, na bar gurbinsu na ci gaba. Da ya karɓi takardar ya duba sai ya ce, "Tsoho bai yi asarar shayinsa ba." Na fito ina jin an gama, ban san ko rabi ba a yi ba.

Bayan ƴan makonni wani mutum ya zo unguwa yana tambayar mai unguwa da maƙwabta halina: da wa nake yawo, wa ke zuwa gidanmu, me nake yi da wayar da ke bisa rufi. Kafin magariba zance ya gama layinmu cewa ana neman ɗan gidan Malam. Da takardar kira ta iso, Inna ta zauna bakin murhu tana hawaye, ta ce, "Don Allah ka rabu da wannan abu, mu talakawa ne." Zamanin Janar Seyni Kountché ne, kuma duk wanda ya rayu a lokacin ya san nauyin irin wannan takarda. Mahaifina ya sa babbar riga ya ce mu tafi tare. Jami'in bai ɗaga mana murya ba. Ya tambaye ni da wa zan yi magana, da wane harshe, wa zai biya kuɗin na'ura, me zan ce in Bature ya tambaye ni labarin ƙasa. Na ce, "Ranka ya daɗe, suna da gari da yanayin sama da irin na'ura, iyakar hirarmu ke nan, kuma duk wanda ke da rediyo yana iya jin mu." Na miƙa masa kayen saurarena. Ya daɗe yana buɗa shafukan, yana bin layukan da yatsa, ya tambaye ni ma'anar QTH (inda tasha take) da QSL (tabbatar da an yi hira) da 73 (gaisuwar sallama). Ina da yaƙinin wannan kaye ya yi mini abin da bakina ba zai iya ba, domin ya ga shekaru na aiki a fili, da kwanan wata da lokaci.

Sai ga yunƙurin juyin mulki na watan Oktoba 1983. Daga nan duk abin da ya shafi na'urar aikawa ya tsaya, kuma ban ga laifin kowa ba a kan haka. Nakan leƙa lokaci-lokaci, a ce dosiye yana sama. Ranar da ya sauko, sai aka ce kaziyena ya tsufa, a kawo sabo. Wannan karon wasiƙa na aika wa Kawu da kofin takardar haihuwa, ya karɓo ya ba direban da ya sani ya kawo mini. An kuma nemi hotuna da shaidar mazauni a sake, domin na farkon ba a gan su cikin dosiyen ba. Rasit ɗin nan da kofin da na ajiye na kowace takarda su suka hana a ce in faro daga tushe.

Ana cikin jira na sami na'ura. Wani Bature malamin fasaha da kwangilarsa ta ƙare a 1984 zai koma gida, yana da Yaesu FT-101, mai nauyin kusan kilo 15, wadda ke aiki da kuran na gida ko da batirin mota. Kuɗinta sun fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Kawu ya sayar da raguna biyu, na haɗa da abin da na tara a gyaran rediyon mutane, Baturen kuma ya yi mini ragi mai yawa. Baba ya dage a rubuta takardar ciniki mai ɗauke da lambar jikin na'urar, a kuma bi ta duwan a daidaita, tunda ba a biya mata haraji ba sa'ad da ta shigo. Ya kuma ce ba za ta kwana gidanmu ba sai izini ya fito. Ya kulle makirfon da makullin bugawa a akwatinsa, ya bar ni in riƙa zuwa ina saurare da ita. Na ji zafin haka a lokacin, amma da an kama ni ina aikawa ba izini, da ba ni kaɗai abin zai shafa ba. Fitilun gilashin da ke ba ta ƙarfi kuwa, biyu 6JS6C da ɗaya 12BY7A, mun lallaɓa su ƙwarai, domin Najeriya ta rufe iyakarta daga 1984 zuwa 1986, kayan gyara daga Kano sun yi wuya.

A 1985 izini ya fito. Na biya kuɗin shekara, aka turo ma'aikaci ya zo gida ya gwada lambar na'ura da ta takarda, ya duba eriya da wayar ƙasa da littafin da zan riƙa rubuta kowace hira. Lambar kirana 5U7 ce da haruffa biyu a baya. Eriyar waya ce kawai: ka raba 143 da megahaz ka sami tsawonta, don haka ta mita 20 ta kama mita 10 da ɗan ɗori, biyar kowane hannu, kebul a tsakiya. Na ɗaure gefe ɗaya a dogon yaron ƙofar gida, ɗayan a gorar da na kafa jikin katanga. Ƙasar Yamai rairayi ce busasshiya, sai da na haƙa rami na zuba gawayi da gishiri kewaye da ƙarfen, ina ba shi ruwa.

Daren farko Baba ya zo da kansa, ya zauna kan tabarma bai ce komai ba. Na buga CQ, wato kiran duk mai ji, sau uku da lambata a mita 20, na saki makulli. Wani Bafaranshe ya amsa, ya ba ni 579, makin yadda siginal ɗina ke isa gare shi, na ba shi nasa, muka yi 73. Ina gamawa sai mitar ta rikice, tashoshi bisa tashoshi suna kirana a lokaci guda har ban iya raba harafi ɗaya da wani. Nijar ƙasa ce da ba a cika ji ba, kuma masu neman shaidar DXCC, wadda ake ba wanda ya yi magana da ƙasa 100, suna iya shekaru suna jiran 5U. Na juya na dubi Baba. Ya ce, "Ɗauki ɗaya, ɗana, ko harafi biyu ka ji, ka kira shi. Sauran su jira." Daga baya na koyi aikawa a wuri ɗaya ina saurare sama kaɗan, don masu kira su bazu.

Akwai abubuwan da babu takardar da ta gaya mini. Ƙarfin ranar nan mai taimakon gajeren zango ya sauka a 1985 da 1986, mita 10 ta mutu, sai wajen 1989 ta dawo da ƙarfinta. Iskar hunturu mai ƙura tana tara wuta a jikin waya har ka ji tartsatsi yana tsalle a bakin kebul, da damina kuma ga tsawa, don haka in na gama sai in cire eriya in haɗa ta da ƙasa. A zafin Afrilu sai da fanka a bayan na'ura. Wani maƙwabci ya zo ya ce hoton Télé Sahel yana rawa in ina bugawa, na sa abin tace siginal a bakin na'ura, na kuma bar aikawa lokacin labaran dare. Katunan QSL, waɗanda ƴan amatar ke aika wa juna don shaidar hira, suka cika akwatin gidan wayan da na kama haya, wasu da kupon na amsa wasiƙa da ake canzawa da tambur. Kuɗin amsa su ya fi ƙarfina, har wani ɗan amatar a Faransa ya karɓi aikin, ina aika masa kofin littafina yana amsawa a madadina.

Ga wanda zai fara yanzu, abubuwa da dama sun sauƙaƙa. Tun taron duniya na 2003 aka ɗage wajabcin Mors, aka bar wa kowace ƙasa ta yanke nata, kodayake har gobe ina ganin wanda ya koye shi ya fi jin daɗin harkar, don yana ratsawa inda murya ta kasa. Da wayar hannu ma kana iya sauraren mitocin amatar ta intanet, ba sai ka nemi gwangwanin sardin ba. Raba mitoci yau yana hannun ARCEP, hukumar da ke kula da sadarwa a Nijar, can za ka fara tambaya, kuma ka nemi a rubuta maka jerin takardun da hannun wanda zai karɓe su. Ka fara tara waɗanda ba sa tsufa, ka bar kaziye da shaidar mazauni sai ƙarshe. Kada ka ba da takarda ba ka riƙe kofinta ba, kada ka fita biro ba rasit. Ka sanar da iyayenka da mai unguwa tun kafin mai bincike ya zo, don kada su ji a bakin wani. In za ka sayi na'ura hannu na biyu, ka karɓi takardar ciniki mai lambar jikinta da shaidar duwan, ka kuma tambayi ko ana samun kayan gyaranta, domin tun da aka karya darajar sefa a Janairun 1994 duk abin da ke zuwa daga waje ya ninka kuɗi. Littafin saurare kuwa ka buɗe shi tun yau, da agogon GMT, ka tafi da shi duk ofishin da aka kira ka.